Guduma Ya Tashi Yana Dariya

A gidan horon dambe na Koci akwai doka guda wadda kowane sabon shiga yake sani tun kafin ya san inda ake rataye safar hannu: wanda aka kayar ba ya tafiya gida da faɗuwarsa. Za a zuba masa ruwa, ya zauna a benci ya sha iska, sannan a sake ɗaure masa safa ya koma cikin igiyoyi ya fuskanci wanda ya kayar da shi, a ranar, kafin a rufe ƙofa. Koci ya yi imani cewa idan aka bar ɗan dambe ya kwana da tsoro, washegari tsoron ne zai sa safar, ba shi ba. Da wannan doka aka hore shi, da ita ya hori duk wanda ya bi ta hannunsa.

Wurin tsohon sito ne mai rufin kwano. Buhunan yashi na rataye da sarƙa, madubin bango ya tsage gida biyu, fanka ɗaya tana kwasar warin gumi daga wannan kusurwa tana kai wa waccan. A tsakiya akwai dandamalin katako da igiyoyi da aka nannaɗe da tsumma.

A nan 'yar Koci ta yi wayo. Samarin wurin sun laƙaba mata Nas tun tana ajin farko a makarantar jinya, don tsokana, ita kuwa ta karɓi sunan ta riƙe shi gam har masu tsokanar suka gaji. Yanzu tana ajin ƙarshe. Duk ranar da ba ta da aiki a asibiti ita ke naɗa musu bandeji a hannu, ita ke wanke gira idan ta fashe. Ba ta yi wa kowa murmushin banza, kuma ba a faɗa mata ɗaya ba ta mayar da biyu ba.

Ran nan da hantsi tana zaune a bakin dandamali tana naɗe bandeji, ƙaninta yana ciki. Guduma ake ce masa, saboda damansa. Shi ne abin alfaharin Koci, shi ake shiryawa gasa mai zuwa, kuma an haɗa shi gwaji da Dogo, wani mai lodin kaya a tasha, mutum shiru-shiru mai dogayen hannuwa. Ba wanda ya sa hular kariya. Koci ya ce hula tana koya wa yaro lalaci.

Guduma yana ta rawa a gaban abokin karawarsa, yana sauke hannu yana miƙa masa haɓa.

"Zo mana, Dogo. Buhun da kake ɗauka ma ya fi ka motsi."

Dogo ya zo. Hagunsa ya zagayo ya sauka a gefen kan Guduma na dama, sama da kunne kaɗan. Ƙarar ba irin ta safa a kan tsoka ba ce, wata busasshiyar ƙara ce kamar an taka ƙwarya. Gwiwoyin Guduma suka saki tare. Ya tafi ta baya hannuwansa a sandare, katakon ya amsa.

Nas ta miƙe, bandejin ya gangara ƙasa yana warwarewa. Kafin ta kai an riga ta. An sheƙa masa bokitin ruwa, wani yana marinsa a kumatu, wani yana ja masa yatsun ƙafa. Ya buɗe ido, ya yi tari, ya zauna yana duban waɗanda suka zagaye shi.

Koci ya tsuguna ya ɗaga masa yatsu. "Nawa?"

"Uku, Baba."

"Wa ya kayar da kai?"

"Wa ya ce kayar da ni aka yi? Na ga dandamalin da ƙura ne, na ce bari in goge muku da bayana."

Wurin ya ɗauki dariya. Dogo ya sauke ajiyar zuciya ya jingina da igiya. Guduma ya miƙe da kansa, ya sauko, ya zauna a benci da tawul a wuya yana amsa tsokana.

Nas ce kaɗai ba ta yi dariya ba, domin ta taɓa ganin irin wannan tashin. Tana aikin koyo a ɗakin gaggawa wani magini ya shigo da ƙafarsa, ya ce ya faɗo daga kan gini, a ba shi maganin ciwon kai ya koma bakin aiki. Har barkwanci ya yi musu. Kafin la'asar ya daina amsa sunansa. Daga baya likitan da ke koyar da su ya ɗaga musu hoton kansa. Ƙashin gefen kai siriri ne, in ji shi, kuma akwai jijiyar jini kwance a ƙarƙashinsa. Idan ƙashin ya tsage ya yanke ta, mutum zai suma ya farfaɗo garau, jinin kuwa yana can yana taruwa. Ƙoƙon kai ba ya buɗewa ya ba shi wuri. Ƙwaƙwalwa ce za ta matsa, ta yi ta matsawa har ta rasa inda za ta.

Ta je ta zauna kusa da ƙaninta.

"Kanka yana ciwo?"

"Yaya, naushi na sha, ba shayi ba."

Ta kai yatsu saman kunnensa. Wurin ya kumbura ya yi luguf. Ya zabura ya ture hannunta.

"Tashi mu je a ɗauki hoton kan nan."

"Yau? Dogo yana tsaye yana jirana in tafi asibiti? Gobe a ce Guduma ya ɓuya a bayan yayarsa."

Ta bar shi ta nufi mahaifinsu, wanda yake goge ruwan da ya jiƙa dandamali.

"Baba, kada ya koma yau."

"Uwata," ya ce, ba tare da ya ɗago ba. Sunan da yake kiranta da shi ke nan idan suna shiri. "Je ki naɗe bandejinki."

"Inda naushin ya sauka ba wurin wasa ba ne. Ya suma fa."

"Ya suma ya tashi. Ya ƙirga yatsu, ya yi magana, ya taka da ƙafarsa. Me kike so kuma, ya karanta miki jarida? Zai huta. In ya huta zai koma."

Ta dawo ta tsaya inda take ganin bencin. Samari suka koma kan buhuna, sarƙoƙi suna kuka. A hankali barkwancin Guduma ya ragu. Ya dafe goshi. Wani ya jefa masa magana ya amsa da tsaki, abin da ba halinsa ba. Can ya miƙe ya zagaya bayan buhunan yashi, ta bi shi. Ta same shi durƙushe yana kwarara amai a bokiti.

"Kada ki gaya wa Baba," ya ce yana goge baki.

Ta kama haɓarsa ta kunna fitilar wayarta. Baƙin tsakiyar idonsa na hagu ya tsuke da haske ya taɓa shi, yadda ya kamata. Na dama ya tsaya a buɗe kamar bakin rijiya, bai ko motsa ba. Ya miƙa hagu zai ɗauki gorar ruwa, ta suɓuce ta gangara. Ya dubi hannun kamar na aro, sannan ya ɗauki gorar da dama.

"Guduma," muryar Koci ta taso daga bakin dandamali. "Hutun ya isa."

Kafin ta riƙe shi ya wuce. Ta iske Koci ya zura masa safa yana ƙoƙarin ɗaure igiyar. Yatsun tsohon suna rawa, bakin igiyar yana kuskure rami. An yi shekaru ana haka, kuma duk gidan sun koyi kallon wani wuri har ya gama.

"Baba, ya yi amai. Idonsa na dama ya daina amsa haske, hagunsa ya fara saki. Jini ne yake zuba a cikin kansa. Ko hura shi aka yi a wurin nan ba zai tashi ba."

"Ke, an kayar da ni fiye da yadda zan iya tunawa. Ban taɓa tafiya gida ban koma ba. Ga ni nan tsaye."

"Shi ya sa ba ka iya tunawa."

Buhunan suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya.

Ta san ta taka inda ba a takawa, amma ba ta janye ƙafa ba. "Ga ka nan tsaye, igiyar safa ta gagare ka. Kofi ba ya isa bakinka sai rabi ya zube. Ran nan a bakin titinmu na same ka kana neman ƙofar gidanka. Wannan ne kake so ka bar masa? Shi ma ba zai samu ko wannan ba, yau zai mutu."

A wannan karon hannun bai yi rawa ba. Marin ya ɗauke ta ya haɗa da buhun yashi, kunnenta ya cika da ƙugi, ta ga wuta ta gilma.

"Fita," in ji Koci.

Ta miƙe ta gyara ɗankwalinta. Maimakon ƙofa sai ta kama igiya ta haye dandamalin, ta tsaya a tsakiya.

Guduma ya shigo yana jan ƙafar hagu. "Yaya, matsa." Maganar ta fito da nauyi, kamar harshen ya yi masa yawa a baki.

"Dogo, shiga," Koci ya ce.

"Koci, mace ce a ciki."

Koci ya ɗauki matashin da ake karɓar naushi da shi ya zabga masa a wuya. Dogo ya shiga, amma hannuwansa suna ƙasa. Koci ya nuna samari biyu ya ce su fitar masa da ita.

Ta ruga ta sarƙe hannuwanta cikin igiyoyi. Ɗaya ya kama ta ta kugu, ɗaya yana ɓamɓare yatsunta, tsumman igiyar yana goge mata fatar hannu har ta saɓule. Ta dankara wa na bayan dunduniya a gwiwa, ta kafa wa na gaban haƙori a dantse.

"Nas, kin haukace ne?"

"Sake ni in nuna maka."

Suka sake ta. Ta yi kan ƙaninta ta cafke safarsa ta dama, ta kai baki tana kwance igiyar da haƙori. Ta ɗago ta ga fuskarsa, sai ta ga ba tasa ba ce. Idanun sun kaɗa, ɓarin bakin ya sauka, babu alamar ya san wadda ke gabansa.

"Sake ni."

"Ba zan sake ba."

Ya fizge hannun ya dawo da shi. Damar da gidan nan yake alfahari da ita, ita ta sauka a bakinta. Yaron da ta goya, wanda ko murya bai taɓa ɗaga mata ba. Ta faɗi a kan igiyar ƙasa, bakinta ya cika da wani abu mai gishiri, ta tofar ta ga guntun haƙori a ciki. Rufin kwanon ya juya sau da yawa kafin ya tsaya.

Ba ta ji haushinsa ba. Ta san ƙwaƙwalwar da aka matse ba ta da yaya, ba ta da ƙani. Ta kama igiya ta ja jikinta sama, ta faɗa kansa ta rungume kugunsa, ta haɗa yatsunta a bayansa ta kulle. Ya shiga dukan bayanta. Na farko ya ɗauke mata numfashi, na biyu ta ji shi har cikin haƙarƙari. Ta cusa kai a cikinsa ta ƙi saki. Dukan ya ci gaba, sai dai kowane ɗaya ya fi wanda ya gabace shi sanyi, kuma wannan sanyin ya fi dukan tsorata ta.

Sai ta ji jikinsa ya ƙame kamar itace. Suka zube tare. Ta zame daga ƙarƙashinsa, shi kuwa ya fara fizga, dugadugansa suna buga katako, kumfa tana fita ta gefen baki.

Samarin suka yo ca. Wani ya ɗauko bokiti, wani ya zaro makulli zai cusa masa tsakanin haƙora, wani yana cewa a danne ƙirjin a danne ƙafafun. Nas ta wawuri kujerar da ake zama a kusurwa ta ɗaga sama.

"Wanda ya taɓa shi zan fasa masa kai, mu tafi asibiti da mutum biyu."

Mai bokitin bai yarda ba, ya matso. Ta sauke masa kujerar a hannu. Bokitin ya kife, ya koma baya yana riƙe da gwiwar hannu yana zagi. Sauran suka tsaya.

Ta durƙusa ta tura tawul ƙarƙashin kan ƙaninta, ta bar jikin ya yi fizgarsa ba ta danne ba. Da ya lafa ta juya shi ta gefe don kada ya shaƙe. Numfashinsa ya koma wani irin munshari mai ja.

"Dogo, ɗauko bencin can."

Dogo ya ɗauko. Ɗaukar kaya sana'arsa ce, bai jira a koya masa ba. Ya nuna mutum uku da haɓa, suka ɗora Guduma a hankali, Nas tana tallafe da kan da wuyan a tsakanin tafukanta. Koci yana tsaye a bakin dandamali, ruwan bokiti yana bin ƙarƙashin takalminsa. Ba wanda ya nemi izininsa.

A waje rana ta take. Motoci suna wucewa ba mai tsayawa. Dogo ya ajiye ɓarinsa na bencin a hannun wani, ya shiga tsakiyar titi da safarsa a hannu, ya tsaya ƙiƙam a gaban wata a-kori-kura mai ɗauke da kwalaye. Direban ya taka burki ya leƙo da ashar a baki, sai ya ga bencin, ya haɗiye sauran ya sauko ya buɗe baya.

Duk hanya tana durƙushe tana riƙe da muƙamuƙinsa don hanyar iska ta zauna a buɗe. Jinin bakinta yana ɗiga a ƙirjinsa. Kowane rami motar ta faɗa sai ta ji shi a haƙarƙarinta.

A ɗakin gaggawa wata ma'aikaciya ta nufo ta da auduga, ta ture hannun.

"Ba ni ba, shi. Naushi a gefen kai na dama. Ya suma, ya farfaɗo yana magana, ya yi amai, idon dama ya buɗe, hagu ya saki, ya yi fizga."

Likitan ya ɗaga fatar idon Guduma ya duba sau ɗaya, ya ce a kira ɗakin tiyata. Aka tura gadon da gudu. Sai a lokacin ta zauna a ƙasa aka ɗinke mata leɓe a nan inda take.

Rana ta karkata kafin Koci ya iso. Ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin jira, ya cusa hannuwansa tsakanin gwiwoyi.

"Kin tsinka ni a gaban yarana."

"Na yi."

"Kada ƙafarki ta sake taka wurina."

"To."

Ya jira ko za ta ƙara wani abu. Ta zauna da kumburarren baki tana kallon ƙofar tiyata. Can, ba tare da ya dube ta ba, ya ce, "Rawar hannun nan, tana da suna?"

"Tana da suna. Akwai ma masu duba ta a benen sama."

Ya ƙara cusa hannuwan tsakanin gwiwoyi.

Da likitan ya fito ya ce sun buɗe ƙashin, sun kwashe gudan jinin, sun ɗaure jijiyar. Yaron yana da rai. Ɓarin hagu kuwa sai ya farka za a ga abin da ya rage. Dambe dai an gama, wannan ba sai an jira ba. Koci ya miƙe ya bi bango ya fita. Nas ta sunkuyar da kai ta ga hannuwanta duk sun saɓule, sai yanzu suka fara zafi.

Guduma ya daɗe bai farka sosai ba. Ranar da ya farka tana gefen gadon da farin kayan makaranta, ta biyo daga ɗakin da take aiki. An aske masa kai, ɗinki ya zagaya saman kunnen. Sun riga sun gaya masa maganar dambe, ya juya fuska bango ya ƙi kula kowa.

"An ce ke kika hana ni komawa," ya ce da bangon.

"Ni ce."

"Da kin bar ni."

"Da na bar ka da yanzu ba ka da bakin yi mini rashin kunya. Kawo hannun."

Ya juyo zai mayar mata, sai ya ga leɓen da haƙorin da ya gutsure. Ya daɗe yana kallo. Bai tuna komai ba tun daga bencin.

"Yaya, wa ya yi miki wannan?"

"Wani sakarai ne. Damansa lafiya lau, na shaida. Hagun nake so."

Ta ɗaga hannun daga kan zanin gado. Ya yi nauyi, ya yi sanyi, yatsun a lanƙwashe. Ta zura nata biyu a cikin tafin.

"Matse."

Ya ciji leɓe. Jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya tsattsafo a goshi. Ba abin da ya motsa.

"Ba ya ji na," ya ce, muryarsa ta karye.

"Saƙon ne ya manta hanya, za mu tuna masa. Matse."

"Ke muguwa ce."

"An daɗe ana faɗa. Matse."

Ya rufe ido ya ja numfashi. Ta ji wani abu ya taɓa bayan yatsanta, kaɗan, kamar ƙuda ya sauka ya tashi. Ɗan yatsansa na nuni ne. Ta ja kujera da ƙafa ta zauna sosai.

"Wannan kake kira matsa?" ta ce. "Sake."